Malami ne a Gabanka ko Mai Talla?

Ɗana,

Jiya da ka tashi bayan sallar isha'i na lura ranka bai yi daɗi ba. Ka shigo da zumuɗinka, takarda mai sheƙi a hannu, kana so in ranta maka naira dubu 80 kafin azahar ɗin yau, ni kuwa na tsare ka da tambaya sai ka ce alƙali. Da safe mahaifiyarka ta bugo mini ta ce ko tuwon dare ba ka taɓa ba. Ka yi haƙuri da kawunka. Akwai baƙi a zaure jiya, kuma maganar da nake son yi maka akwai tonon asirin kaina a ciki, shi ya sa na bari sai yau na ɗauki biro.

Bari in maimaita abin da ka faɗa mini, in na yi kuskure ka gyara. An yi taron bita a wani otal, shiga kyauta, a kan yadda ake cinikin kuɗaɗen ƙasashen waje ta waya. Kun yi awa uku, an raba lemo da cincin. A ƙarshe aka ce ainihin karatun na sati biyu ne, kuɗinsa dubu 250, amma don tausayin matasa an mai da shi dubu 80 ga mutum ashirin na farko da suka biya kafin azahar ɗin washegari. Na tambaye ka me ka koya a awa ukun nan, ka ce, "Wallahi Kawu mutumin nan ya san abin da yake yi." Na ce na ji, amma kai me ka iya yau wanda shekaranjiya ba ka iya ba? Sai ka buɗe littafin da ka je da shi, na leƙa. Layi huɗu ne a shafin: sunan mutumin, lambar wayarsa, lambar asusun banki, da wata magana wai tunanin talaka ne ya talauta shi.

Ban yi maka dariya ba, don ni ma na taɓa dawowa gida da irin wannan shafi.

Shekarar da na ajiye aiki, garatuti bai fi wata guda da shigowa ba, wani tsohon abokin aikina ya ja ni wani taro, wai na wayar da kan dattawa game da lafiyarsu. Zauren ya sha labule, sanyin na'ura har ƙashi, ga majigi yana haska hotunan motoci da gidajen bene. Abin da ya haɗa mota da hawan jini ban tsaya na tambayi kaina ba. Mai jawabin ya yi kusan rabin awa yana lissafa cututtukan da ke jiran mai shekara sittin, har na fara jin wuyana yana sagewa. Da ya ga mun yi laushi sai ya ɗago wata kwalba. Nan take wata baiwar Allah ta miƙe daga tsakiyar jama'a, murya na rawa, ta ce shekara tara tana fama da ciwon suga, kwalba uku ta sha likita ya ce ta daina zuwa asibiti. Aka ɗauki tafi. Aka kawo shinkafa da cinyar kaza a roba. Muna cikin ci sai ga 'yan mata da fom suna bi kujera kujera. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Na ji kunyar in lashe hannu in fita haka nan, na cike fom, na biya kuɗin rajista, aka loda mini katan uku a but, da sharaɗin in kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu, ni kuma in zauna a gida la'ada tana same ni.

Bayan wata biyu na je ɗaurin aure wani gari, aka ce ana irin taron a can, na leƙa. Matar nan ce dai ta miƙe, da mayafinta mai ruwan toka. A ranar ciwon gwiwa ne ya warke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ba baƙon taro ba ne. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin malamin gona, tara mutane a gindin bishiya in koya musu abu shi ne sana'ata. Na san yadda koyarwa take, amma sanyi da shinkafa da kunya suka mantar da ni. Da na ɗauki fensir na yi lissafin da ɗan aji shida zai iya, da na ga cewa in kowa zai kawo biyu, hawa na 28 kaɗai yana bukatar mutum sama da miliyan 268, wato fiye da duk mutanen Najeriya da jariransu. Dole a wani hawa a rasa wanda za a kawo, kuma na ƙasa su ne za su biya wa na sama kuɗin motocin da ke cikin majigi.

Bari in ba ka labarin wani taro da aka yi da ni, inda shi ma akwai abin sayarwa, don kada ka ɗauka duk inda aka ambaci kuɗi ɓarna ce. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun adana wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS, aikin masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Yadda muke yi, sai mu je ƙauye bayan an cire wake, a taru a ƙofar gidan dagaci. Manoma su kawo waken kansu, ba namu ba. A gabansu za mu hura ledar mu nuna yadda ake gane ko ta huje, a zuba wake, a matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje. Sai mu faɗi dalili: ƙwaro numfashi yake yi kamar ni da kai, in ya cinye 'yar iskar da ta rage a ciki, aikinsa ya tsaya. Ba a sa magani ko ɗigo. Muna kuma faɗin inda abin yake kasawa: in waken bai bushe sarai ba kada a ɗaure, in ɓera ya huda ledar an koma gidan jiya. Sannan mu ce kowa ya tafi da buhunsa, kada a buɗe. Bayan wata huɗu ko fiye mu dawo, a sake taruwa, mai buhu ya kwance da hannunsa jama'a su gani.

A irin wannan zama wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, to in haka ne, jarkar manja da nake da ita mai murfi, in na wanke na cika ta taf na toshe, ba ita ke nan ba?" Na ce ita ke nan, Baba. Ya tafi bai sayi buhu ko ɗaya ba, kuma a wurina shi ne ya fi kowa cin ribar taron, don ya tafi da dalilin a kansa. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe. In ka fita daga zaure ba ka sayi komai ba, me ya rage a hannunka? Mai koyarwa yana ba ka abin da zai yi maka aiki ko bayan ba ya nan, har wata rana ka daina bukatarsa. Mai talla kuwa ƙishirwa yake tayar maka, ya nuna maka randa, ya riƙe moɗa.

Kada ka ce wannan halin mutanenmu ne kawai. A Amurka sun daɗe da sanin taron da ake gayyatar tsofaffi otal a ciyar da su kyauta da sunan ilimantar da su kan yadda za su juya kuɗin fansho. A 2007 hukumomin da ke sa ido kan harkar zuba jari a can suka fitar da sakamakon bincike 110 da suka yi a kan irin waɗannan taruka. Ko da yake da yawa an tallata su da sunan ilimi, wasu har da alkawarin ba za a sayar da komai ba, duka ɗari bisa ɗari an same su taron talla ne. Rabinsu akwai zuzutawa ko yaudara a takardun gayyatarsu, kashi 13 cikin ɗari kuwa alamun zamba aka gani ƙarara. Ka ga shinkafata da kaza tana da 'yan uwa a ƙetare.

Tsanin da aka kafa maka kuma, daga kyauta zuwa dubu 80, shi ma tsohon tsani ne. Wata makarantar koyon cinikin gidaje da Donald Trump ya buɗe a 2005, mai suna Trump University, haka ta yi aiki. Zama na farko minti 90 ne, kyauta. A nan za a ce sirrin yana cikin bitar kwana uku ta dala 1,495. In ka shiga wannan, sai a ce masu son abin da gaske ajinsu daban, kuɗinsa ya kai kusan dala dubu 35. Da magana ta je kotu aka fito da littafin da ake horar da ma'aikatansu da shi, aka ga ana koya musu yadda za su gano ƙarfin aljihun kowane mahalarci da yadda za su amsa wa mai cewa bari ya yi shawara. A watan Nuwamba na 2016 aka sasanta a kan biyan dala miliyan 25, ba tare da ya amsa laifi ba. Abin da nake so ka lura da shi, a kowane hawa ana ce maka ilimin yana hawa na gaba. Ina mai tabbatar maka, a cikin sati biyun nan naka akwai wani aji na musamman da ba a faɗa muku ba tukuna.

Ka kwatanta da karatun zaure da kakanka ya sa mu a ciki. Ka fara da Ahalari, ka wuce Ishmawi, ka shiga Iziyya, sannan Risala. Shi ma tsani ne, amma wanda ya tsaya a Ahalari ya tafi da alwalarsa da sallarsa a gyare, babu wanda zai ce masa sai ya kai Risala za a faɗa masa farillan alwala. Kowane hawa cikakke ne a kan kansa. Kuma tun da na ambaci Risala, ka tambayi malaminku abin da ake kira najashu a babin ciniki: mutum ya riƙa taya kaya yana ƙara farashi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. Shari'a ta hana. 'Yan kasuwarmu suna kiran mai yin haka ɗan kore. Matar nan mai mayafi ruwan toka aikinta ke nan, kuma ina zargin mutum ukun da ka ce sun ruga gaba sun biya tun kafin a rufe baki, ba ka ga shigar kuɗinsu da idonka ba.

Yanzu ga maganar shi cinikin da za a koya maka. Ni ba masaninsa ba ne, amma na san abu biyu. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta duba binciken da aka yi a kan asusun ƙananan masu irin wannan ciniki na cacar hawa da saukar farashi, ta ga tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari asara suke yi. Shi ya sa aka tilasta wa kamfanonin can su rubuta yawan masu asararsu a jikin tallarsu. Malamin da ya san abin da yake yi, wannan ce maganar da zai fara da ita, kamar yadda muke fara faɗa wa manomi labarin ɓera. A awa ukun nan, ya ambaci asara ko sau ɗaya? Na biyu, da yawa daga masu koyar da abin nan suna da yarjejeniya da kamfanin da za su ce ka buɗe asusu a wurinsa. Duk wanda ya shiga ta hannunsu suna da la'ada a kan cinikinsa, ya ci ko ya faɗi. Dillanci ba haramun ba ne, ni ma dillali ya sayar mini da gidan da nake ciki. Amma na san dillali ne, na kuma san ladansa nawa. Matsalar ita ce dillalin da ya naɗa rawanin malami ya ɓoye la'adarsa a ƙarƙashin buzu. Ka tambaye shi a gaban jama'a, cikin ladabi, daga ina nasa abincin yake fitowa. Ka kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa.

Tambaya ma ita kanta ma'auni ce. A gindin bishiya, manomin da ya fi yi mini gardama shi ne ya fi taimakona, don shi ke sa in fito da abin da na manta ban faɗa ba. Wani lokaci in ce ban sani ba, sai na je Samaru na tambayo masana. A taron talla kuwa za ka ga ba a son tambaya a fili. Ko a ce lokaci ya ƙure, ko a ce mai tambaya ya samu ma'aikatanmu a baya, inda za a keɓe shi shi kaɗai da fom. In wani ya dage, sai a mai da shi abin dariya, a ce irin wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba. Maganar nan da ka rubuta a littafinka, ta cewa tunanin talaka ne ya talauta shi, amfaninta ke nan: an ɗaure bakinka tun kafin ka buɗe, don duk shakkar da ta taso maka za ka ɗauke ta alamar talauci. Har an riga an yi maka rigakafin kawunka, ina jin an ce muku za ku samu 'yan uwa masu kashe gwiwa.

Sai gaggawa. Ilimi ba tumatir ba ne da zai ruɓe kafin azahar. Abin da yake gaskiya yau yana nan gaskiya ranar Laraba. Wa'adin da aka yanka maka an yanka shi ne don kada ka kwana da maganar, kada ka kai ta gaban wani wanda bai sha sanyin zauren ba. A Amurka har doka gare su cewa abin da aka sayar maka a wurin wucin gadi irin ɗakin otal, in kuɗinsa ya kai wani adadi, kana da kwana uku ka fasa a mayar maka da kuɗinka, saboda sun san abin da zaure da tafi suke yi wa hankalin mutum. Mu da ba za mu dogara da samun wannan ba, sai mu ba kanmu kwana ukun tun kafin kuɗi su bar aljihu. Cinikin biri a sama ba a yin sa da gudu.

Wani abu kuma, ka ce sun haska takardar rajistarsu a majigi. Takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa kamfani rajistar suna, mai shagon ɗinki ma yana iya samunta. In har magana ta kai ga ka ba su kuɗi su juya maka, lasisin hukumar SEC ake tambaya, kuma ana iya dubawa a shafinta. Kana makarantar sakandare lokacin da harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, bayan ta yi ta alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata. Ita ma da taruka aka yaɗa ta, maƙwabci ya ja maƙwabci. Rushewar wata irinta, CBEX, a watan Afrilu na 2025 kuwa da wayonka aka yi. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma ga masu kafa irin wannan tarko, amma ɗaurin wani ba ya dawo da kuɗin wani.

Ban ce kada ka biya kuɗin karatu ba. Mai koyar da gyaran waya a Farm Centre yana karɓar kuɗi, kuma halalinsa ne, don ya faɗa maka tun farko nawa ne, wata nawa ne, me za ka iya in ka gama, ga kuma yaran da ya yaye suna zaune da teburinsu kana iya zuwa ka tambaye su ba tare da shi ba. Ban kuma ce duk taron da ba a sayar da komai a cikinsa yana da amfani ba. Na halarci bitoci na gwamnati da na ƙungiyoyi da ba a koyi komai a ciki ba sai layin karɓar alawus, mu sa hannu mu yi hamma mu watse. Wannan wata cuta ce daban, ranar da ka zo da lokaci sai in ba ka labarinta. Kuma ka sani, zaman koyo na gaskiya sau da yawa ba shi da armashi. Akwai maimaici, akwai lissafi, akwai inda za a ce ka yi da hannunka ka kuskure a gyara maka. In ka fito daga taro jikinka yana tsuma kamar ka sha shayi mai kauri amma ba ka iya bayyana wa ƙanenka abu ɗaya da zai gane, to tsumin aka sayar maka.

In da gaske kana son sanin yadda kuɗin ƙasashe ke hawa da sauka, ina da tsohon aboki ɗan canji a Wapa, zan haɗa ka da shi ka zauna a bencinsa wata guda kana kallo. Kamfanonin nan na waya kuma suna da asusun gwaji wanda ba a sa kuɗin gaske a ciki. Ka buɗe, ka yi wata uku kana rubuta kowane ciniki a wannan littafin naka, riba da faɗuwa, ba tare da ka ɓoye wa kanka komai ba. Ka kuma kai maganar gaban malami, don malamai suna da bayani a kan hukuncin irin wannan ciniki, gara ka ji shi tun kafin ka sa ƙafa. Bayan wata ukun ka kawo mini littafin mu duba tare. Dubu 80 ɗin tana nan, ban ce na hana ka ba.

Yau dai ka bar azahar ta wuce. In wayarka ta yi ƙara wajen la'asar aka ce an duba an ga kana da himma, an ƙara maka kwana ɗaya, kada ka yi musu da su, ka yi godiya ka ce za ka yi shawara. Ranar Asabar ka zo mu ci tuwo. Hajiya ta ce in ka zo ka hau kujera ka sauko mata da katan biyun da suka rage a saman sif, tun bara take son wurin ta ajiye tukwanenta, ni kuma bayana ba ya barina hawa.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.